Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022: Asalinta, tanadinta da giɓin da ke jiran ɗaliban shari'a

A Janfalan ta ƙaramar hukumar Ikara, kamar a Hunkuyi da cikin garin Makarfi da sauran garuruwan arewacin jihar Kaduna, rumfar cajin waya ta daɗe da zama wurin da ake samun fim da waƙa da karatun malamai. Mutum zai miƙa wayarsa ko memori, ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, mai kwamfuta ya tura masa abin da ransa ke so. Mai rumfar yana ganin sana'a yake yi kamar kowa, mai saye kuma bai ga ya taɓa kayan wani ba. Amma a idon Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu ranar 17 ga Maris, 2023, kowane fim da kowace waƙa da aka tura ba da izinin mai ita ba kwafi ce ta haram, kuma tarar da doka ta yanka wa mai sayar da irinta ba ta gaza naira 10,000 a kan kowane kwafi ɗaya ba.

Tazarar da ke tsakanin abin da ke rubuce a Abuja da abin da ke gudana a rumfar Janfalan ita ce ta sa wannan doka ta zama fagen da ɗaliban shari'a ke gwada ƙwanjinsu, a gasannin rubutu da kotunan gwaji. Kafin a kai ga nan, ya kamata a san mece ce dokar, daga ina ta fito, kuma me ta ce.

Mene ne haƙƙin mallaka

Haƙƙin mallaka iko ne da doka ke ba wanda ya ƙirƙiri wani aikin fasaha, na cewa shi kaɗai zai kwafi aikin, ko ya buga shi, ko ya fassara shi, ko ya mayar da shi fim, ko ya watsa shi a rediyo da talabijin da intanet, ko ya ba wani izinin yin haka. Dokar Najeriya ta lissafa nau'i shida na ayyukan da ke samun wannan kariya: ayyukan rubutu, da na kiɗa da waƙa, da na zane da sassaƙa da hoto, da finafinai da dangoginsu, da sautin da aka naɗa, da shirye-shiryen da tashoshi ke watsawa. Manhajar kwamfuta tana cikin rukunin rubutu.

Sharuɗɗa biyu ne manya. Na farko, a ga cewa mai aikin ya yi wani ƙoƙari da ya ba aikin kamanninsa na kansa. Na biyu, a ce aikin ya zauna a wani mazubi da za a iya komawa gare shi, takarda ce ko faifai ko memori. Da zarar waɗannan sun cika, kariya ta tabbata nan take, ba sai an je wani ofis ba. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wato NCC, tana yin rajistar ayyuka, har ta intanet ma, sai dai amfanin rajistar shi ne ta zama hujja a gaban kotu ranar da aka yi jayayya. Marubuta da yawa suna ɗaukar lambar da ake samu daga Ɗakin Karatu na Ƙasa a matsayin shaidar mallaka, 'yan fim kuma suna ɗaukar takardar hukumar tace finafinai a haka. Duka biyun wani aiki daban suke yi.

Doka ba ta kare tunani tsagwaronsa. Labarin yarinyar da aka yi wa auren dole ba mallakin kowa ba ne, ko da marubuta ɗari sun riga sun taɓa shi. Abin da ke da mai shi shi ne yadda wani marubuci ya tsara nasa, da kalmominsa da zubinsa. Haka kuma nassin dokokin gwamnati da tutar ƙasa da taken ƙasa da zanen takardun kuɗi ba sa cikin abin da ake mallaka ta wannan hanya. Ga 'yan kasuwa akwai wani bambancin da ya kamata a riƙe: suna ko tambarin da ke jikin buhun shinkafa ko kwalbar turare yana ƙarƙashin dokar tambarin kasuwanci ta 1965, sabuwar na'ura da mutum ya ƙago kuma tana ƙarƙashin wata doka ta 1970, kuma rajistar waɗannan biyun tana hannun Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari.

Tafiyar shekara ɗari da 'yan kai

Dokar haƙƙin mallaka ta zamani ta faro ne a Ingila a 1710, a zamanin Sarauniya Anne. Najeriya ta same ta ta hannun Turawan mulkin mallaka, lokacin da aka faɗaɗa dokar Birtaniya ta 1911 zuwa yankunan da take mulka a 1912. A ƙarƙashin inuwar wannan doka aka yi gasar ƙagaggun labarai ta 1933 a Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A ƙarƙashinta kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945.

Sai a 1970 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fitar da doka ta cikin gida. Ta zo da rauni biyu: hukuncinta ba ya tsorata kowa, kuma ba ta kafa hukumar da za ta kula da ita ba. Wannan ya zo daidai da shigowar kaset, wanda ya mayar da kwafar waƙa aikin da kowane mai rediyo mai baki biyu zai iya yi a shagonsa. Bayan matsin lamba daga mawaƙa da masu buga littattafai, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar da Doka mai lamba 47 a Disambar 1988. Ita ce ta kafa majalisar kula da haƙƙin mallaka, wadda ta fara aiki a 1989 kuma daga baya ta zama hukumar NCC ta yanzu. An yi wa dokar kwaskwarima a 1992 da 1999, aka sake jera ta cikin kundin dokokin tarayya na 2004.

Dokar 1988 ta yi shekara fiye da talatin tana aiki, amma an rubuta ta ne tun kafin wayar hannu ta bazu. A 2012 hukumar NCC ta ƙaddamar da shirin sake dokar gaba ɗaya, aka fitar da daftari a 2015 don jin ra'ayin jama'a. Ana cikin haka, a Oktobar 2017, Najeriya ta amince da yarjejeniyoyi huɗu na Hukumar Kare Mallakar Fasaha ta Duniya, wato WIPO: biyu kan ayyukan fasaha a intanet, da ta Beijing kan haƙƙin 'yan wasa, da ta Marrakesh kan samar wa makafi littattafai. A Najeriya yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka har sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, kamar yadda sashe na 12 na tsarin mulki ya tanada, don haka waɗannan alƙawura suka ƙara matsa wa gwamnati. A majalisa an haɗe ƙudirin ɓangaren zartarwa da wanda Sanata Mukhail Adetokunbo Abiru na Legas ya gabatar, majalisun biyu suka zartar da shi a 2022. Daga fara shiri zuwa sa hannu an ci shekara goma da ɗoriya.

Abin da sabuwar doka ta zo da shi

Babban sauyi shi ne shigar da intanet. Yanzu ɗora aikin wani a shafi ko manhaja yadda kowa zai same shi a lokacin da ya ga dama yana cikin haƙƙoƙin mai aikin kaɗai, kuma kalmar kwafi ta haɗa da wanda ke cikin waya ko kwamfuta. Mai haƙƙi zai iya rubuta wa kamfanin da ke ɗauke da shafin takardar ƙorafi, kamfanin kuma ya wajaba ya sanar da wanda ya ɗora, ya sauke abin cikin gaggawa. Wanda aka sauke wa kaya yana da damar mayar da martani. Wanda ya maimaita laifin ana iya dakatar da asusunsa, kuma hukumar NCC tana da ikon toshe shafin da ta gamsu yana yaɗa kayan sata. Karya makullin da mai fasaha ya sa wa aikinsa, irin wanda ke hana sauke fim daga manhajar biya, shi ma ya zama laifi.

Hukunci ya yi tsalle. A tsohuwar doka, mai sayar da kwafin sata tararsa naira 100 ce a kan kowane kwafi, mai buga shi kuma ba za ta wuce naira 1,000 ba. A sabuwa, duka biyun sun koma aƙalla naira 10,000 kan kowane kwafi, ko ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba ga mai bugawa ko shigowa da kayan, da wanda bai gaza shekara uku ba ga mai sayarwa, ko a haɗa tara da ɗauri. Wanda ya watsa aikin wani a intanet don kasuwanci ba da izini ba, tararsa ta fara daga naira miliyan ɗaya. A lura da kalmar aƙalla: da can doka tana faɗin iyakar sama ne, yanzu kuma iyakar ƙasa take faɗa.

Ba masu fasaha kaɗai dokar ta duba ba. Sashe na 20 ya halatta amfani da aikin wani bisa adalci don karatu na kai, da bincike, da sharhi, da suka, da ba'a ta raha, da rahoton labarai, kuma ya ba alƙali ma'auni huɗu: manufar amfanin, da irin aikin, da yawan abin da aka ɗiba, da tasirin hakan a kan kasuwar aikin. An ware sassa na musamman ga makarantu da ɗakunan karatu da gidajen adana tarihi. Sashe na 26 ya ba da damar mayar da littafi zuwa rubutun makafi ko sauti domin masu larurar gani ba tare da neman izini ba, muddin ba don riba ba ne. Wannan shi ne cika alƙawarin Marrakesh, kuma yana daga cikin wuraren da aka fi yaba wa dokar a wajen Najeriya.

Akwai tanadi biyu da suka shafi rayuwar yau da kullum. Ma'aikacin gwamnati da ya rubuta rahoto ko littafin jagora bisa umarni da kulawar ma'aikatarsa, haƙƙin aikin na gwamnati ne, sai in an yi wata yarjejeniya. Wanda kuma ya ɗauki mai hoto don bikin gidansa, haƙƙin hoton yana wurin mai hoton in ba a rubuta akasin haka ba, amma mai bikin yana da ikon amfani da hotunan ba don kasuwanci ba, yana kuma da ikon hana a baza su. Amaryar da ta ga hotonta a allon tallar wani sutudiyo ba da saninta ba tana da abin riƙewa a doka.

Sayar da haƙƙi dungurungum, ko ba wa mutum ɗaya lasisi shi kaɗai, ba ya inganta sai a rubuce. Wannan layi ɗaya ya isa ya kwance ciniki da yawa da aka ƙulla a Kano da Kaduna da Zariya da fatar baki, tsakanin marubuci da furodusa, ko mawaƙi da mai sutudiyo. A fim, doka tana ɗaukar wanda ya yi tanadin shirya shi a matsayin mai shi, sai in yarjejeniya ta ce wani abu daban.

Wa'adin kariya

Rubutu da waƙa da zane suna da kariya tsawon rayuwar mai su, da ƙarin shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Fim da hoto da sautin da aka naɗa da shirin tasha shekara 50 ne daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da su. Bisa wannan lissafi, rubuce-rubucen Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, za su kai ƙarshen 2051 suna cikin kariya. Waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, za su kai ƙarshen 2069. Amma faifan da aka naɗi muryarsa a kai yana da nasa wa'adin daban, wanda ya fi gajarta, kuma mai yiwuwa nasa mai shi daban. Turmin Danya, fim ɗin ƙungiyar Tumbin Giwa na 1990 da ake ƙirga farkon masana'antar finafinan Hausa ta bidiyo daga gare shi, zai fita daga kariya a ƙarshen 2040.

Haƙƙin mallaka dukiya ce da ake gada. Yana shiga cikin abin da mamaci ya bari kamar gona ko shago, ko da yake ba kasafai masu rabon gado ke tunawa da shi ba.

Matsayin malaman Musulunci

A ƙasar Hausa tambaya ta farko da mutum zai yi ba ta kotu ba ce, ta halal da haram ce. Al'adar ilimi ta wannan ƙasa ta ginu ne a kan kwafar littafi da hannu, almajiri ya kwafa daga malaminsa, ya rufe da addu'a ga mawallafi, kuma ana ganin ɓoye ilimi babban laifi ne. Saboda haka har yanzu akwai malaman da ke ganin bai dace a hana yaɗa littafin addini ko karatun tafsiri ba, kuma malamai da yawa sukan yafe karatunsu ga duk mai son ya yaɗa. Sai dai Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar da ta yi a Kuwait a Disambar 1988, ta zartar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne masu darajar dukiya a al'adar zamani, shari'a tana kare su, kuma bai halatta a keta su ba. Abin lura, a watan da Najeriya ta fitar da dokarta ta 1988 ne aka yanke wannan hukunci. Wanda ya yafe nasa ya yi sadaka da abin da ya mallaka. Wannan bai ba kowa izinin ɗaukar na wanda bai yafe ba.

Inda ɗalibai suka shigo

A wasu ƙasashe gwamnati da kanta ke gayyatar ɗaliban shari'a su kawo shawarar gyaran doka. A Kanada akwai gasar da ma'aikatun da ke kula da haƙƙin mallaka ke shiryawa tare da jami'o'i, inda ɗalibai ke rubuta takarda irin wadda minista ke kai wa majalisar ministoci, su zo su kare ta a gaban ƙwararru da manyan jami'ai. Ta bambanta da kotun gwaji da aka saba, irin wadda Jami'ar Oxford ke shiryawa kowace shekara kan mallakar fasaha, domin a kotun gwaji ana jayayya ne kan abin da doka ta ce, a nan kuwa ana jayayya kan abin da ya kamata ta ce.

A Najeriya abin da ya fi kusa da wannan shi ne gasar rubutu ta ƙasa kan mallakar fasaha, wadda ofishin WIPO na Abuja ya fara a 2020, shekarar da aka buɗe shi. Ana buɗe ta ga ɗaliban manyan makarantu, jigonta yakan bi na Ranar Mallakar Fasaha ta Duniya da ake yi kowace 26 ga Afrilu, waɗanda suka yi fice kuma sukan samu damar ƙarin horo da sanin makamar aiki. Ba ta ɗaliban shari'a kaɗai ba ce, amma fagensu ne. Ga ɗan Ikara ko Makarfi ko Kudan, makarantun da ke kusa su ne tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo a Zariya, da ta Jami'ar Bayero a Kano, da reshen Makarantar Horar da Lauyoyi da ke Bagauda. Ɗalibin da ya taso a waɗannan garuruwa yana da abin da takwaransa na Legas ba shi da shi: ya san rumfar turi daga ciki, ya san yadda littafin Hausa ke yawo a WhatsApp, kuma a Kongo yana iya haɗa karatun dokar ƙasa da na shari'ar Musulunci. Matsalolin da ke ƙasa su ne irin waɗanda duk mai rubuta shawarar gyara daga wannan yanki zai ci karo da su.

Mai turi: ɓarawo ko dillali

Masani Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya nuna cewa hanyoyin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka shimfiɗa don kwafa da rarraba finafinan Indiya da na Amurka su ne daga baya suka ɗauki finafinan Hausa suka kai su lungu da saƙo. Wato satar fasaha ce ta gina titin da halattacciyar kasuwa ta bi. Tarihi ya maimaita kansa ta wata fuska: masu turi sun taimaka wajen kashe kasuwar faifai, har furodusoshi suka koma sinima da YouTube da tashoshi irin su Arewa24, amma a ƙauyen da sabis ba shi da ƙarfi kuma data ke da tsada, mai turi shi ne kaɗai hanyar da fim ke isa ga mai kallo.

A ɗauki memori ɗaya mai waƙoƙi 200. Bisa lissafin doka, tararsa ta fara daga naira miliyan biyu, kuɗin da ya ninka jarin rumfar gaba ɗaya. Hukuncin da aka auna da mai injin buga faifai dubbai a Alaba ta Legas, in aka ɗora shi kan saurayi mai kwamfuta ɗaya da janareta, ɗayan biyu ne zai faru: ko a ƙi aiwatar da shi, ko ya zama sandar tatsar na ƙasa. Mafita mafi kusa ita ce lasisi na bai-ɗaya, inda mai rumfa zai biya wani abu sananne a wata ko a shekara, a raba wa masu fasaha. An sha tattauna irin wannan tsakanin 'yan fim da ƙungiyoyin masu turi a Kano. Wahalar tana wurin rabo: wa zai ƙirga fim ɗin wa aka fi turawa a Janfalan, kuma wa za a amince wa da kuɗin?

Wannan tambaya ta biyu tana da tarihi mai ɗaci. Doka ta tanadi ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗi a madadin masu fasaha, da amincewar NCC. A ɓangaren waƙa an shafe shekaru ana shari'a tsakanin COSON, wadda aka amince da ita a 2010, da MCSN, wadda ta samu tata amincewar a 2017. A 2018 kuma hukumar ta dakatar da lasisin COSON. Finafinai suna da AVRS, littattafai suna da REPRONIG. Dukansu a Kudu suke da ƙarfi. Akwai kuma harajin da doka ta ɗora kan kayan da ake kwafa da su, wanda aka fitar da umarninsa tun 2012 amma ya yi shekaru a takarda. Mawaƙin da ke Zariya wanda ake sa waƙarsa a gidan biki da tashar mota da gidan rediyo yana da haƙƙi a duk waɗannan wurare, sai dai tsakaninsa da kuɗin akwai rajista da wakilci da amana.

Nisan kotu

Tsarin mulkin 1999 ya sa haƙƙin mallaka cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, ya kuma ba Babbar Kotun Tarayya ikon sauraron shari'arsa ita kaɗai. Ma'anar wannan ita ce kotun majistare ko kotun shari'a da ke Ikara ko Makarfi ba ta da hurumi. Marubuciyar da aka karanta littafinta a YouTube ba da izininta ba, ko aka baza shi a zaurukan WhatsApp bayan mutum ɗaya ya biya, sai ta tafi Kaduna ko Kano, ta ɗauki lauya, ta jira layi a kotun da ke cike da shari'un zaɓe da na bankuna. Abin da ta yi asara sau da yawa bai kai kuɗin mota da na lauya ba. Ingila ta ware wa irin waɗannan ƙananan ƙararraki hanya mai sauƙi a kotunta ta mallakar fasaha, Amurka kuma ta buɗe wani kwamiti na musamman a 2022. Dokar Najeriya ta ba NCC damar kafa kwamitin sasanta rikici, amma ɗauke shari'ar daga Babbar Kotun Tarayya zai buƙaci taɓa tsarin mulki. Ga kuma sarƙaƙiyar gado: idan magadan mawaƙi Musulmi suka saɓa kan waƙoƙinsa, rabon na kotun shari'a ne, amma tantance ko haƙƙin yana nan da kuma wanda ya keta shi na kotun tarayya ne.

Tatsuniya da waƙar baka

Sassa na 74 zuwa 76 sun kare abin da al'umma ta gada: tatsuniyoyi da kacici-kacici da waƙoƙin gargajiya da raye-raye da wasanni da saƙa da ɗinki da ƙira da ginin tukwane. Ba a yarda a yi kasuwanci da su ko a fitar da su daga muhallinsu na al'ada ba sai da izini, kuma hukumar NCC ce ke ba da izinin. A nan ne tambaya ta taso. Idan wani kamfani ya mayar da labarin Gizo da Ƙoƙi zanen yara, ko ya buga aikin allurar babbar riga ta Zazzau a kan yadi, izini daga Abuja zai fito, amma doka ba ta fayyace rabon al'ummar da ta raini abin ba, ba ta kuma ce wane ne bakinta ba, masarauta ce ko ƙungiyar masu sana'a ko ƙaramar hukuma. Ƙari a kan haka, Gizo bai san iyakar Jibiya ba. Yana Maraɗi kamar yadda yake Katsina.

Sharaɗin cewa sai aiki ya zauna a wani mazubi shi ma yana cizon makaɗan baka. Mawaƙin noma ko na dambe da ke ƙirƙirar baitinsa nan take a fili bai rubuta komai ba. Waƙar tana samun mazauni ne a wayar wanda ya naɗa. Doka ta ba mai wasan ikon hana a naɗi wasansa ko a yaɗa shi ba da yardarsa ba, na tsawon shekara 50, amma a fagen dambe da waya ɗari ke sama, wannan iko yana da wuyar riƙewa.

Fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa, wadda ta mamaye rumfunan turi, tana da fuska biyu. Fassara haƙƙin mai fim ne, kuma Najeriya da Indiya duka suna cikin Yarjejeniyar Berne, wadda Najeriya ta shiga a 1993, don haka fim ɗin Mumbai yana da kariya a Makarfi daidai da fim ɗin Kano. Amma masu fassarar su ma suna kukan ana kwafe musu aiki.

Na ƙarshe a zuwa ita ce ƙirƙirarriyar basira. An kammala rubuta dokar kafin waɗannan manhajoji su bazu, don haka ba ta ambace su ba. Ba ta ce ko ya halatta a ciyar da na'ura dubban littattafan Hausa don ta koyi harshen ba, ba ta kuma ce wane ne mai waƙar da na'ura ta rera da muryar mawaƙin da ya rasu ba. Tarayyar Turai ta tanadi ƙa'ida kan haƙar bayanai daga rubuce-rubuce tun 2019, kotunan Amurka kuma suna ta sauraron ƙararrakin marubuta da jaridu a kan kamfanonin. A Najeriya, alƙalin da irin wannan ƙara ta fara zuwa gabansa ba shi da abin aunawa sai ma'aunai huɗu na sashe na 20.